Langmeil The Freedom 1843: abin da tsohuwar kuranga ke sa wa shiraz

Wannan sharhi na waɗanda addininsu bai hana su giyar inabi ba ne, da kuma ma'aikatan otal da gidajen abinci da baƙi ke tambayarsu wace kwalba za a buɗe.

The Freedom 1843 jar giya ce ta inabin shiraz zalla, daga gidan Langmeil da ke Tanunda a kwarin Barossa, Kudancin Ostireliya. Lambar da ke jikin sunan ba ado ba ce. A shekarar 1843 ne wani maƙeri Bajamushe, Christian Auricht, ya dasa kurangun a kusa da kogin North Para, kuma su ne dai ke ba da 'ya'ya har yau. Ana lissafa gonar cikin gonakin shiraz mafiya tsufa a duniya. Abin da ya raya su shi ne ƙwaron filoksera, wanda ya cinye saiwar inabin Faransa a ƙarshen ƙarni na 19, bai taɓa shiga Kudancin Ostireliya ba. Turawa sai da suka tuge gonakinsu suka yi wa sabbin kurangu aure da saiwar inabin Amurka, amma na Barossa na nan a kan saiwarsu ta asali.

A kofi, launinta ja ne mai duhu har ya kusa baƙi, gefen ya ɗan yi shuɗi idan tana da ƙuruciya, ya koma launin jan bulo idan ta kwana biyu. Ƙamshin farko na baƙaƙen 'ya'yan itace ne da suka nuna sosai. Wanda ya san ɗinya lokacin da ta yi laushi a hannu ya kama hanya. Bayansa sai cakulan mai ɗaci, da masoro, da ɗan ƙamshin ƙasa da na gasasshen nama. Masoron nan ba zuba shi aka yi ba, wani sinadari ne mai suna rotundon da ke cikin ɓawon inabin, wanda masu bincike a Ostireliya suka gano a 2008. Kusan mutum ɗaya cikin biyar hancinsa ba ya jin sa ko kaɗan, don haka idan baƙo ya ce bai ji masoro ba, kada a yi masa gardama. A Barossa mai zafi ma ƙamshin bai kai na shiraz ɗin wurare masu sanyi ƙarfi ba.

A baki ne kuɗin mutum ke fitowa. Giya ce mai nauyi, ƙarfin barasarta na kaiwa kashi 14.5 zuwa 15 cikin ɗari gwargwadon shekara. To amma nauyi ba shi ne abin yabo ba, rana ce ke ba da shi, kuma kowace shiraz mai araha daga ƙasa mai zafi tana da shi. Abin da tsohuwar kuranga ke bayarwa daban ne. Ba a yi wa gonar ban-ruwa, saiwar ta nutsa can cikin jan yumɓu da farar ƙasa tana neman danshi da kanta. 'Ya'yan ba su da yawa, kuma ƙanana ne, wato ɓawo ya yi yawa a kan ruwa. A ɓawon nan launi da ƙamshi da bauri suke. Baurin wannan giya yana da yawa amma lallausa ne, yana shimfiɗuwa a kan harshe maimakon ya damƙe dasashi. Akwai kuma ɗan tsami da ke riƙe da ita, shi ya hana ta zama kamar an dafa 'ya'yan itace da sukari. Bayan an haɗiye, ɗanɗanon kan daɗe a maƙogwaro, kuma da wannan daɗewar ake bambance ta gaske da ta talla.

Ana tsinke inabin da hannu wajen Maris zuwa Afrilu, a tsima shi da ɓawonsa a buɗaɗɗen mazubi, a matse a hankali da matsewar kwando irin ta dā, sannan ya yi kusan shekara 2 a gangunan itacen oak na Faransa. Ganga ce ke kawo ɗan ƙamshin kanumfari da banila. A sabuwar kwalba wannan ƙamshi kan ɗan yi gaba da sauran, kuma nan ne aibinta: wanda ya buɗe ta shekara ɗaya ko biyu bayan fitowarta zai ji itace da barasa fiye da inabi. Tana son shekara 8 zuwa 10 a ajiye, mai kyau kuma takan wuce 20.

Wajen sha aka fi ɓata ta. Digiri 16 zuwa 18 take so. Maganar da ake yi cewa jar giya ana shan ta da ɗumin ɗaki, ɗakin Turai ake nufi. A ɗaki mai digiri 30 barasar ce za ta fara bugun hanci, ƙamshin ya gudu, giyar ta yi lami. A saka kwalbar a firij na minti 30 zuwa 40 kafin a buɗe. Idan kuma ta yi sanyi ƙasa da digiri 12, baurin zai yi kaushi, sai a ɗan jira. A tsayar da kwalbar kwana guda tukuna don laka ta kwanta a gindi, sannan a juye a hankali cikin tulun gilashi mai faɗin ciki, a dakata da zarar lakar ta iso wuya. Mai ƙuruciya a bar ta awa 1 zuwa 2 ta sha iska. Wadda ta haura shekara 15 rabin awa ya ishe ta, fiye da haka ƙamshin zai dushe. Kofi ya zama babba, a zuba mililita 150 kawai, kwalbar 750 ta ba da kofi 5.

Ajiya tana son digiri 12 zuwa 15, cikin duhu. Kwalbar da ta sha zafi a kwantena ko a kantar shago ba ta gyaruwa: za a ga alamar tsiyaya a wuyanta, launin ya koma ruwan ƙasa, ɗanɗanon ya zama na dafaffen abu. Idan kuma mai toshiyar itace ce aka ji warin jiƙaƙƙen kwali, toshiyar ce ta gurɓata ta, a mayar wa mai sayarwa.

Da jan nama mai kitse take tafiya, gasasshen rago ko balangu, domin kitse na kwantar da bauri. A rage yaji. Barkono da barasa mai kashi 15 idan suka haɗu, zafi kawai baki zai ji. Kifi kuwa ba abokin tafiyarta ba ne.

Kalmar tsohuwar kuranga a jikin kwalba ba ta da wata dokar da ta tsare ta a yawancin ƙasashe, kowa na iya rubutawa. Barossa ce ta yi wa kanta ma'auni a 2009, mai hawa huɗu: shekara 35, 70, 100 da 125. Kurangun Freedom sun wuce hawa na ƙarshe da nisa. Farashinta a Ostireliya ya haura dala 100 ta ƙasar, kafin kuɗin jigila da na kwastan. Ga mai wurin ajiya mai sanyi da haƙurin jira, ta ci kuɗinta. Wanda yake son buɗewa a daren da ya saya, gara ya ɗauki Valley Floor Shiraz ta gidan Langmeil ɗin dai, ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma ba ta buƙatar dogon jira.