QSAR Toolbox: manhajar da ta rage mini gwaji a kan kifi

Aikina tantance haɗarin sinadaran da ke shiga ruwa, kuma na daɗe ina jin nauyin kifayen da ake zuba wa guba na awa 96 don a ga adadin da zai kashe rabinsu. Shi ya sa na rungumi QSAR Toolbox, manhajar da ke hasashen illar sinadari daga ƙirarsa, wadda OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, ta fitar a 2008, take kuma ci gaba da inganta ta tare da hukumar sinadarai ta Tarayyar Turai. Kyauta ce.

Kana sa lambar CAS ta sinadari, wato lambar rajistar da ke bambanta shi da sauran sinadarai, sai ta zana maka ƙirarsa, ta nuna ɓangaren da zai iya manne wa furotin ko DNA, sannan ta tattaro 'yan uwansa da aka riga aka gwada. Daga sakamakonsu kake cike giɓin bayanan da babu game da naka sinadarin. Har abin da hanta za ta iya mayar da shi tana hasashe, kuma nan ta fi burge ni.

Sai dai tana son mai haƙuri da sanin kimiyyar sinadarai, domin kai za ka kare dalilin haɗa sinadaran rukuni ɗaya. Ga gaurayen sinadarai kuwa, ina haɗawa da gwajin ƙwayoyin halitta a ɗakin bincike.