Gargaɗi ga masu haɗa kayan ado na rezin game da ruwan da ake tallar yana kawo sheƙi ba tare da samfefa ba

Akwai wata damfara da ke yawo a shafukan sada zumunta wadda aka ɗana wa masu haɗa 'yan kunne da zobba da abin wuya da rezin (wani ruwan roba mai garau da ke ƙanƙarewa ya yi tauri), musamman sababbin shiga. Ana tallata wata 'yar kwalba da aka ce ɗigo biyu daga cikinta a kan ƙyalle sun isa su mayar da rezin mai hazo ya yi garau, ba sai an goga samfefa ba, kuma wai kayan ba za su taɓa yin rawaya ba. Duka da'awar biyu ƙarya ce.

Dabarar bidiyon da suke nunawa ba ta da wuyar ganewa. Rezin da aka goga yana yin hazo ne saboda ƙananan karce-karcen da ke fuskarsa suna warwatsa haske, kuma duk ruwan da ya shiga ya cike su, ko da ruwan sha ne, zai sa fuskar ta yi sheƙi na ɗan lokaci. Duk mai goga samfefa da ruwa ya san haka, domin yana ganin kayan suna ƙyalli a hannunsa suna jiƙe, da sun bushe kuma hazon ya dawo. Masu tallar suna yanke bidiyon ne kafin a kai wannan gaɓa. Abin da ke cikin irin wannan kwalba mai ne, sau da yawa mai haɗe da silikon (wani sinadari mai santsi), wanda ba ya bushewa da wuri, shi ya sa sheƙin kan jira har a sayar da kayan, sai gumi da sabulu su wanke shi a wuyan mai saye.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da silikon ke yi bayan haka. Idan mai sana'a ya so gyara kayan ta hanyar shafa musu sabon rezin a sama, rezin ɗin ba zai kwanta ba; zai riƙa janyewa daga duk inda man ya taɓa, ya bar ƙananan ramuka zagayayyu da masu sana'ar ke kira idon kifi. Dole a wanke da sabulu, a goge da sinadarin aisofurofil (wani nau'in sifirit na goge kaya), a sake guga daga farko, sannan ƙyallen da aka yi amfani da shi da teburin aiki duk sun ɗauki man, suna iya ɓata aikin da bai ji ba bai gani ba. Kada a garzaya ga asiton, sinadarin da ake cire fentin farce da shi, don a wanke, domin yana dushe fuskar rezin, yana kuma iya tausasa ta.

Sheƙi na gaske daga guga yake fitowa. Ana barin rezin nau'in efoksi ya ƙanƙare sosai, wanda kan ɗauki awa 24 zuwa 72, domin idan aka goga shi da ɗanyensa samfefa cushewa take yi. Daga nan a goga da ruwa, ana hawa daga samfefa mai kaushi zuwa mai laushi, wato daga lamba 400 zuwa 600, 800, 1000, 1500, 2000 har 3000, kowace lamba tana share karcen wadda ta gabace ta, kuma tsallake ɗaya yakan bar layukan da ba sa bayyana sai a ƙarshe. Sai a bi da man goge roba a kan ƙyalle mai laushi, idan kuma da inji ne a rage gudunsa, saboda zafi yana tausasa rezin. Wanda ba ya son wannan doguwar hanya yana iya shafa siririn rezin na UV, wanda hasken wata fitila ta musamman ke ƙanƙarar da shi, ya ƙanƙarar da shi a ƙarƙashin fitilarsa cikin 'yan mintoci. Ruwan gugar kuma yana hana ƙurar shiga huhu.

Batun rawaya kuwa, hasken rana ne ke sauya rezin ɗin kansa, kuma sinadaran kariyar da ake zubawa a cikin rezin mai kyau jinkirta abin kawai suke yi.

Kafin ku biya, ku dubi jikin kwalbar ko akwai sunan kamfani da jerin abin da ke ciki, ku kuma nemi takardar bayanin lafiyar sinadari. Mai gaskiya zai turo ta. Ɗan damfara zai sauya magana, ya ce kayan sun kusa ƙarewa, ya matsa a tura kuɗi kai tsaye maimakon a biya ta dandalin ciniki. Ku saka hotunansa a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet, domin aikin wasu sukan sata. Wanda ya riga ya saya, ya ɗiga ruwan a kan farar takarda. Idan ya bar tabon maiƙo da bai tafi ba, mai ne, kada ya kusanci kayansa da shi. Ya adana shaidar biya da hotunan hirarsu, ya kai rahoto ga dandalin da bankinsa da wuri, kafin mai tallar ya rufe shafin ya buɗe wani da sabon suna.