Kafin a sayi littafin lissafi na ƙaramar sakandare, a buɗe cikinsa

Kusan duk littafin lissafin da za a ajiye gaban kwamitin makaranta yana ɗauke da hatimi a bango, wai ya dace da manhaja. Kamfanin da ya buga littafin shi ya manna hatimin, kuma mai talla ba ya kushe kayansa.

A Amurka an taɓa gwada wannan da'awa. Bayan yawancin jihohi sun rungumi Common Core, ma'aunin abin da ya kamata yara su koya a kowane aji, wanda ya fito a 2010, wata ƙungiya mai zaman kanta, EdReports, ta sa malamai suka bi jerin littattafan lissafi 20 shafi bayan shafi. Da sakamakon ya fito a 2015, sai ga 17 sun gaza cika sharuɗɗan. Don haka mai saye ya san irin abin da ke gabansa.

Irin littafi na farko da zai tarar shi ne tsohon littafi da aka sake wa bango. Kauri gare shi, ya taɓo komai, bai zurfafa a komai ba. Ana gane shi da wuri: babukansa na farko maimaici ne na tarawa da ninkawar firamare, darasin da manhaja ta fi nauyaya kuwa an tura shi can ƙarshe, inda zango kan ƙare ba a kai ba. Ko da araha ne, a bar shi.

Gardamar gaske tana tsakanin littafi mai yawan atisaye da littafi mai fara darasi da matsala. Ku buɗe su biyun a wuri ɗaya, misali 3/4 ÷ 1/8. Mai atisaye zai ce a juya lamba ta biyu a ninka, amsa 6, ga tambayoyi irinta cike da shafi. Ɗayan zai zana sanda, ya yanka ta takwas, ya tambayi yaro sumuni nawa ne a cikin rubu'i uku, sai ya ƙirga ya ga shida da idonsa kafin a ba shi ƙa'ida. Na farkon yana sa hannu ya faɗa, malami sabon shiga ma zai iya koyar da shi, amma bayan wata guda sai ka tarar yaro ya manta wace lamba ake juyawa. Na biyun ya fi kama zuciya, sai dai yana cin lokaci, kuma in malami bai samu horo ba, aji ya koma hira. Ni dai na biyun nake zaɓa, da sharaɗin yana da atisaye isasshe, don manhaja mai kyau tana neman fahimta da ƙwarewar hannu da aiki da lissafi a rayuwa, duka uku.

Akwai kuma na kyauta a intanet, wasunsu ma sun samu yabo a wajen masu tantancewa. A dai tuna da kuɗin bugawa da na horar da malamai.

Ko wanne aka ɗauka, a ƙirga kwanakin darasi, kada a tsaya ga jerin babuka. EdReports na neman aƙalla kashi 65 cikin 100 na lokacin aji ya tafi kan manyan darussan shekarar. Sannan a bi zare ɗaya cikin littattafan shekara uku: a tsarin Common Core, da ƙirgen azuzuwan Amurka, gwama adadi da adadi na aji 6 shi ke zama daidaiton rabo a aji 7, ya zama gangarar layi, wato yawan karkatar layi a jadawali, a aji 8. In littafin aji 8 ya kawo gangara kamar sabon abu, bai waiwayi baya ba, zaren ya tsinke.

Jagoran malami shi ma a karanta shi. Wani amsoshi kawai ya jera. Na ƙwarai zai gaya wa malami cewa yara da yawa za su ce 1/2 da 1/3 sun zama 2/5, ya nuna masa tambayar da zai yi har su gano kuskuren da kansu.