Inda na sayo wa Kawu rawani a Alabar

Saura sati biyu a naɗa wa kawuna sarautar Wakili a unguwarmu ta Aboabo da ke Kumasi, ƙasar Ghana, aka ɗora mini sayen rawani, ni da ko hula ba ta cika zama a kaina ba. Na zaga babbar kasuwar Kejetia har ƙafafuna suka yi tsami, abin da ake ta miƙo mini yadi ne kawai da aka yanka da tsawo. Wani mai turare ne ya kwatanta mini wani ɗan shago a unguwar Alabar, inda wani dattijo ke sayar da alkyabba da hular dara da rawuna.

Shagon ƙarami ne, benci ɗaya, mutum uku suka shiga sai ɗaya ya fita. Dattijon bai yi maganar kuɗi ba sai da ya tambaye ni, "Ɗana, wa za a naɗa, kuma wace sarauta?" Sannan ya sauko da iri biyu. Akwai harsa, fari, marar nauyi, iska na ratsa shi. Sai ɗan Kura, baƙi wuluk mai ɗaukar ido kamar an shafa masa mai. Sunan garin Kura na jihar Kano ya ci. A can ake harhaɗa siraran ƙyallaye a ɗinke, a rina da shuni, a kai wa mabuga su yi ta bugu har ya yi ƙyalli. Buzaye ma suna sonsa ƙwarai. Na taɓa shi na ji kamar takarda, nan take na ce shi nake so.

A nan na kwafsa. Na buɗe waya na nuna masa hoton Sarkin Kano, na ce haka za a naɗa wa Kawu, kunnuwa biyu a tsaye. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kawun naka jinin Dabo ne?" Na ce a'a Baba, kakanmu dai fataucin goro ya kawo shi Kumasi. Ya ce to kunne biyu a Kano na sarki ne da 'ya'yan gidan sarauta, ba ado ba ne da kowa zai gani a hoto ya kwafa. Ya nuna mini amawali, wanda ake ja a rufe baki, ya ce mai sarauta ba ya barin bakinsa a sake, a rawani ko a magana. Wannan bayanin kaɗai ya biya kuɗin motata.

Amma ina da ƙorafi. Bai gaya mini shuni yana zuba ba. Ranar naɗi, kafin la'asar wuyan farar babbar rigar Kawu ya koma shuɗi, haka goshinsa, haka tafin hannuna. Da na koma na yi masa magana, cewa ya yi ai wannan ita ce shaidar na gaske. Na yarda, amma da ya faɗa tun farko da ba mu sa farar shadda ba. Ga shi ba ya ragi ko sidi ɗaya, kuma ba ya karɓar kuɗi ta waya, sai da na fita neman tsaba.

Abin da ya wanke shi a wurina, ranar naɗin da kansa ya zo gida da sassafe ya shirya naɗin a kan dara, ya gwada wa Kawu, bai karɓi ko kwabo ba. Har aka tashi daga taro rawanin bai goce ba.

Da Akwasidae, bikin gargajiyar Asante, ta zagayo, su Kawu za su raka sarakunan Zango gaisuwa Manhyia, fadar Sarkin Asante, Kawu ya ce shi fa ba zai iya zaman rana da ɗan Kura a ka ba. Haka na sake hawa mota zuwa Alabar sayen harsa, wannan karon da kuɗina a aljihu.