Shagon mayukan Alhaja a Agege: na je sayen mai, ta kama sosona da laifi

'Yan uwa mata na Legas, tun da na saka hoton sunan ɗan ƙanwata kuke ta tambayata wane mai nake shafawa, to bari dai in faɗa muku gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba, man kaɗanya ne da man kariyar rana, shi kenan, sauran aikin duk daina wasu abubuwa na yi, kuma a wani ɗan kemis na koyo.

Shagon ba nisa da tashar jirgin ƙasa ta Agege, gefe ɗaya magani gefe ɗaya mayuka da sabulai. Mai shagon Bayarbiya ce amma a unguwar aka haife ta, Hausa a bakinta kamar 'yar Fagge, kowa Alhaja yake ce mata. Sunan shagon kam ba zan sa ba kar a ce biyana aka yi.

Shekara 3 kenan aure ya kawo ni daga Katsina, lafiya lau na zo da fatata, amma ko wata shida ban yi ba goshi da kumatu suka yi duhu, ƙuraje su fito in matse su bar baƙin tabo, bayana kuma ƙyasbi ya yi sallama. Wata maƙwabciya ta ba ni haɗi irin na roba ɗin nan da babu suna babu takarda, sati biyu na yi fes har ana cewa Legas ta karɓe ni, bayan wata uku sai ga jijiyoyi sun fito ɓaro-ɓaro a kumatu, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, in na tsaya gaban wuta a kicin fuska kamar an goga mata attaruhu.

Da na shiga ce mata na yi a ba ni wanda ya fi wannan ƙarfi. Ta karɓi robar ta buɗe ta sunsuna, ta ajiye can gefe ta ce, "'Yata zauna tukuna, da wane soso kike wanka?" Ni har haushi na ji, me ya haɗa soso da abin da ya kawo ni. Na ce na raga ne mai kaushin nan, sau uku a rana saboda gumi, da ruwan zafi da sabulun salo, kuma ina ɗiga maganin kashe ƙwayar cuta a bokiti don ruwan rijiyar gidanmu ban yarda da shi ba. Ta ce lemon tsami fa? Na ce kullum da safe nake gogawa a tabon kafin in fita kasuwa. Sai ta riƙe baki.

Bayanin da ta yi min shi ne ya fi komai amfani a shagon, kuma kyauta. Ta ce baƙar fata halinta daban, duk abin da ya fusata ta, ko ƙurji ko ƙuna ko dirza, da ƙarin baƙi take ramawa, wato ni da nake dirzar tabo don ya fita ƙara masa duhu nake yi da hannuna. Ruwan zafi da sabulu mai kaifi suna kwashe maiƙon da ke tsare fata. Lemon tsami kuwa in rana ta same shi a jiki ƙona wurin yake ya bar shati. Sannan ga garin kansa, kina cikin danfo a gosulon Oshodi awa biyu, rana ta taga ɗaya tana dukan kumatu ɗaya, hayaƙin mota da ƙura suna manne wa gumi, ki dawo gida janaretan maƙwabta na turnuƙa miki nasa ta windo. Wlh sai a lokacin na lura kumatuna na dama ya fi duhu, don kullum gefen taga nake zama. Shi kuma ƙyasbi gumi da zafi yake so, ni ga hijabi mai santsin leda da ba ya shan iska ina yawo da shi tun safe.

Haɗin robar ta ce yawanci siteroid ake zubawa, wato wani magani mai ƙarfi na kumburi da ƙaiƙayin fata, wani da sinadarin hasken fata haidrokwinon, wani ma har da gubar mekuri mai taɓa ƙoda. Siteroid ɗin ne yake sa fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, kuma yana ƙara wa ƙyasbi da makero ƙarfi. Ta tuna min a 2023 hukumar kula da abinci da magunguna NAFDAC ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Abin da ya burge ni, ba ta ce ita za ta warkar da ni ba, cewa ta yi in je in ga likitan fata a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, da ke Idi-Araba, don fatar da ta saba da siteroid in an yanke mata lokaci ɗaya borewa take. Na je kuwa, maganar likita da tata kusan ɗaya.

Abin da na saya uku ne, sabulu marar ƙamshi, man kaɗanya ɗanye, sai man kariyar rana mai lamba SPF 50, wato ma'aunin ƙarfin kariyarsa. Da farko dariya na yi, wai baƙi da man rana, ai mu rana ba ta ƙona mu. Ta ce ba ta ƙona mu da sauri dai, amma ita ce take hana tabo gushewa, kuma in ina waje ina gumi sai in sake shafawa bayan awa biyu.

Yanzu inda ban ji daɗi ba. Tsada kam akwai, man ranar nan kaɗai kuɗinsa zai yi cefanen kwana biyu, kuma na farkon da ta ba ni fari fat yake barina kamar na faɗa buhun fulawa, maigida ya kalle ni ya ce ko tashe za ni. Sai da na koma ta canza min wani da yake shigewa jiki, shi ma ya fi tsada. Man kaɗanyar a jiki da ƙafa babu kamarsa musamman da ɗan hunturun Disamba, amma a fuska da zafin Maris nauyi yake min, na bar shi sai dare. Layi kuma sai haƙuri, tunda kowa sai ta zaunar da shi ta yi masa tambayoyi, benci ɗaya ne, fanka ɗaya, in babu wuta kuwa gumin da ta hana ki tarawa a nan za ki tara shi. Yaran shagon ba su kai ta sani ba, in ba ta nan gara ki juya.

Wata biyar kenan yanzu. Ban yi fari ba, kalata ta Katsina ce ta dawo, tabon kumatu ya ragu sosai amma na goshi har yau da saura, yatsun ma ba su gama daidaita ba. Maigida shi ma na tura shi saboda ƙurajen aski da suka cika masa ƙeya da wuya, ta ce ya daina bari ana kankare shi ƙwal da reza kuma ya sayi kilifarsa shi kaɗai, ya saya ɗin, da mita dai.

In za ki je ki je da safe kafin ƙarfe goma, ki riƙe tsabar kuɗi don na'urar katinsu sai ta ga dama, kuma ki ɗauki duk abin da kike shafawa ki kai mata ta gani. Sosona na raga yana nan, tukunya nake wankewa da shi.