Takarda a Ohio: ba goro, ba rufin asiri

Mutanen gida, kun dame ni da tambayar sanyi da farashin shinkafa. Ku ajiye waɗannan tukuna, ku ji abin da ya fi ɗaure min kai tun zuwana Kolumbos, babban birnin jihar Ohio a Amurka.

Takardar haihuwar 'yata na je karɓa don a yi mata fasfo. Na cika jaka da fasfona, da na uwarta, da takardar aure, da ta asibiti, na kuma ware 'yar dala 20 a aljihun gaba, ko da za a ce a ga yara. Matar da ke bayan gilashi ta miƙo min fom: sunan yarinya, ranar haihuwa, sunayen iyaye. Na biya dala 20 da 'yan kai, ta ba ni rasit. Ban gama karanta saƙonnin wayata ba aka kira ni. Ga takarda, da hatimi mai tudu wanda yatsa ke ji. Ko zif ɗin jakar ban zuge ba.

Na ce mata, ba za ta duba ko ni ne uban ba? Ta ce a Ohio kowa na iya neman takardar haihuwar kowa, muddin ya san bayanan. Wallahi sai da gabana ya faɗi.

Ashe somin taɓi ne. Jihar na da gundumomi 88, kowacce da ofishin da ke adana takardun filaye da gidaje. A tamu, Franklin, kana kwance a ɗaki za ka rubuta adireshi a waya, ka ga mai gidan, da yaushe ya saya, da nawa, da harajin da yake biya. Na duba gidan da nake haya, na ga har bankin da ke bin mai gidan bashi. Dokar jihar ma cewa ta yi ba dole ne ka faɗi sunanka ko dalilinka ba idan ka nemi takardun hukuma. Na tuna kawuna da ya sayi fili a hannun dillali, ashe mutum uku aka sayar wa, ya rasu ana shari'a.

Amma fa abin da ciwo. Sakin aurenka, ƙarar da mai gida ya kai ka kan kuɗin haya, tarar gudu da mota, duk suna shafin kotu, surukinka na iya karantawa. Mu da kullum addu'armu Allah Ya rufa asiri, a nan asirin ne aka baje a faifai.

Kuma kada ku zaci komai sumul ne. Sai ka fara gano ko takardarka ta birni ce, ko ta gunduma, ko ta jiha. Ta aure tana wata kotu, ta haihuwa tana ofishin lafiya, ta gida tana wani ginin. Ka buga waya, na'ura ta yi ta ce maka danna ɗaya, danna biyu, har ka manta abin da ya sa ka kira. Harafi ɗaya ya sauya a sunanka, Muhammad ya koma Mohammed, ba mai ce maka "ai duk ɗaya ne". A irin wannan ranar nake kewar mai unguwarmu, wanda zai ce "na san ubansa", magana ta ƙare.

Mu ma a Najeriya ai muna da doka. Tun 2011 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa. Je ka gwada, ka ji "oga ba ya nan", "fayil ya ɓata", "dawo bayan Sallah". Sai dai laifin ba na ma'aikata kaɗai ba ne. Za mu yanka ragon suna, mu ciyar da unguwa, amma ba mai taka ƙafa zuwa Hukumar Ƙidaya ya yi wa jaririn rajista. Sai yaro zai rubuta jarabawa a ruga kotu yin rantsuwar shekaru, a ƙaga masa 1 ga Janairu. Ƙanena, da kai nake: 'ya'yanka huɗu, ko ɗaya ba shi da takarda. Na turo kuɗin mota, ka kai su wannan makon, ka ɗauko min hoton takardun a WhatsApp.