Zanzibar a wuni ɗaya: jirgin ya cika alkawari, lissafina ne ya gaza

Tun da muka dawo, duk wanda ya leƙo shago yi mana sannu da hanya tambayarsa ɗaya ce: wai da gaske mun shiga teku? Kawu ne yake amsawa, kuma na lura igiyar ruwan da ta ɗaga jirginmu kullum ƙara tsawo take yi a bakinsa. Ranar farko ta kai katangar gida, jiya na ji ta kusa kamo hasumiyar Gobarau. Shi ya sa na ce bari in rubuta nawa yadda ya faru, tunda mutum biyu sun ce mini suna da niyyar irin wannan tafiya.

Bajekolin Saba Saba ne ya kai mu Darussalam, wanda ake yi duk shekara daga ƙarshen Yuni zuwa cikin Yuli. Mun tafi da samfurin zoɓo da riɗi, muka gama abin da ya kai mu, sai ya rage mana kwana ɗaya tak kafin tashi. Dama Hajiya ta ja mini kunne tun a gida, in har na taka Tanzaniya ban zo mata da kanumfarin tsibirin Zanzibar ba, kada in shigo mata ɗaki. Na duba taswira a waya na ga tsakanin garuruwan biyu kamar kilomita 70 ne, bai ma kai Katsina zuwa Daura ba. Mu da muke zuwa Daura ɗaurin aure da hantsi mu dawo mu yi La'asar a gida? Na ce wa Kawu ai wannan ba tafiya ba ce, leƙe ne. Lissafin mutumin tudu ke nan, wanda iyakar ruwan da ya sani dam ɗin Jibiya da na Zobe.

Da yamma muka je sayen tikitin gobe. Tashar tana bakin teku a tsakiyar gari, daura da wata tsohuwar majami'a mai dogon tsini. Tun ba mu sauka daga bajaji ba, wato Keke Napep ɗinsu, 'yan kamasho suka yanyame mu. Wani mai kati rataye a wuya ya karɓe jakar hannuna ya yi gaba, yana nuna mana wani ɗan ofis a lungu. Har na bi shi, Kawu ya riƙo rigata.

"Kai yaro, tun ba a haife ka ba nake shiga tasha. Amso jakarka. Zuwa da kai ya fi saƙo."

Muka nufi tagar kamfanin kanta, aka karɓi fasfonmu, aka buga mana tikiti da sunan kowa a jiki. Baƙo yana biyan kimanin dala 35 a ƙaramin aji, tafiya ɗaya, 'yan ƙasa kuma nasu bai kai haka ba. Akwai manyan azuzuwa masu faffaɗan kujeru ga wanda aljihunsa ya yarda. Abu ɗaya da na yi daidai a duk shirin shi ne sayen na dawowa a nan take: tashi ƙarfe 7 na safe, dawowa ƙarfe 4 na yamma, wanda shi ne jirgin ƙarshe a ranar.

Abin da bai shiga lissafina ba inshora ce. Tun 1 ga Oktoban 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar dole ta dala 44, ko da yana da wata daga gida. Ta intanet ake biya, a turo maka shaida a waya. Tana aiki har kwana 92, mu kuwa awa shida za mu yi da ita. Da na haɗa wa Kawu jimilla, dala 114 kowane mutum kafin a sa loma a baki, sai ya dube ni ya ce, "Wannan kanumfarin na Hajiya da zinariya aka yi mai taki?"

Dalilin waɗannan takardu shi ne Zanzibar ba jiha ba ce irin tamu. Ƙasa ce da ta haɗe da Tanganyika ranar 26 ga Afrilun 1964, zamanin Julius Nyerere da Abeid Karume, aka haɗa sunayen biyu aka sami Tanzaniya. Har yau tana da shugabanta da majalisarta. Don haka ko daga Darussalam ka fito, a bakin tashar sai an duba fasfonka ka cike takarda. Mu da muka fito daga Najeriya har katin rigakafin shawara aka nema, Allah ya sa yana cikin fasfon. Bizar Tanzaniya ita ce take aiki a can, amma ɗan Najeriya ba a ba shi ita a filin jirgi, tun a gida ake nema a jira.

Shi kansa jirgin ba ni da abin faɗa a kansa sai alheri. Ƙarfe 7 aka rubuta, ƙarfe 7 aka kwance igiya. Ba jiran cika, ba saura mutum ɗaya, ba direba ya tafi shan shayi. Na hango wani mutum ya iso da gudu bayan an janye matakala, ko kallonsa ba a yi ba. A lokacin abin ya burge ni. Ban fahimci cewa wannan halin ne zai matse mana wuninmu ba sai daga baya.

Jirgi ne mai gudu, mai ƙasa biyu kamar an haɗa kwale-kwale biyu an ɗora gida a kai, yana ɗaukar mutane ɗaruruwa. Ciki fes, banɗaki da ruwa, ana sayar da shayi da ɗan abin taɓawa. Sanyin na'ura ne kawai ya yi yawa, har Kawu ya naɗe rawaninsa a wuya kamar hunturu ya shigo. Ni sai na fita baya inda iska take. Ruwan safe a kwance yake, shuɗi mai duhu, ga jiragen masunta masu filafilan ƙyalle mai kusurwa uku muna wuce su kamar a tsaye suke. Can na juya na ga ba ƙasa ta ko'ina. Gabana ya faɗi, na karanta addu'ar hawa abin hawa karo na biyu. Awa biyu ba 'yan mintoci, fararen gine-ginen tsohon gari suka bayyana.

Layin duba fasfo ya ci mana wajen minti 40. Muka fito ƙarfe 10 saura, kuma an ce mu dawo tasha ƙarfe 3. Ka ga wunin da nake taƙama da shi ya koma awa biyar da ɗoriya.

Sa'ar da muka yi ita ce tashar a bakin tsohon garin take, ba sai ka nemi mota ba. Su suna ce masa Mji Mkongwe, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Da dutsen murjani aka gina shi, benaye hawa biyu da uku sun jingina da juna, lungunansa sun fi na Gambarawa matsi, wani wurin in mai babur ya taho sai ka manne da bango. Taswirar waya ta rikice, muka zagayo wata ƙofa sau uku. Ban ji haushi ba, don ƙofofin nan abin tsayawa a kalla ne: katako mai kauri da aka sassaƙe da furanni, an jera masa ƙusoshin tagulla masu tsini, wasu da ayar Alƙur'ani a sama. A jikin kusan kowane gida akwai dakali, su suna ce masa baraza, dattawa zaune da farar riga da hula suna kurɓar gahawa a 'yan ƙananan kofuna. Kawu ya yi sallama, aka amsa masa cikakkiya har da wa barakatuhu, aka matsa masa wuri. Da ƙyar na tashe shi. Ya ce shi ya sami majalisa.

Mun bi ta tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal a 1698, da Baitul Aja'ib, fadar da Sarki Barghash ya gina a 1883, ginin farko da ya sami lantarki a tsibirin. Wani ɓangarensa ya rufta a Disamban 2020, don haka daga waje muka tsaya. Inda muka daɗe shi ne Mkunazini, wurin tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873 aka gina majami'a a kai. Akwai wasu ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, rufinsu ƙasa-ƙasa, tagoginsu ba su fi tafin hannu ba. Mu biyar ne a ciki amma numfashi yana yi mini wuya. Kawu da bakinsa ba ya hutawa bai ce uffan ba har muka fito titi. Awa guda ta tafi a nan, kuma ba na kukan ta.

A kasuwar Darajani na gane Swahili ba baƙo ba ne ƙwarai a kunnen Bahaushe. Kanumfari karafuu suke ce masa, kuma mai kayan da kansa ya gaya mini yawancinsa daga tsibirin Pemba yake zuwa. Da aka zo ciniki sai na ji ishirini, arobaini, hamsini, sitini. Ai namu ne, duk daga Larabci muka ɗebo. Ya ce hamsini, na ce arba'in da Hausata, ya gane sarai, muka yi dariya. Na sayi kanumfari, kirfa da masoro. Na fasa ƙwaya ɗaya da farce, mai ya fito, abin da ban taɓa gani ba a wanda muke saya a ƙulli.

A nan ne kuma na kusa jawo mana kwanan dole. Na tambaye shi jirgin ƙarshe, ya ce saa kumi. Na san kumi goma ne. Murna ta kama ni, na ce wa Kawu ashe akwai na ƙarfe 10 na dare da aka ɓoye mana, bari mu saki jiki, in ya so mu canza tikiti. Allah ya taimake mu yaron shagon yana jin Turanci, ya nuna mini agogonsa. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Ƙarfe 7 na safe shi ne saa moja, awa ta ɗaya, saa kumi kuwa ƙarfe 4 na yamma ce, jirgin nan dai namu. Duk wanda zai je ya riƙe wannan: in aka faɗa maka lokaci da Swahili, ka ƙara shida ko ka cire shida, sannan ka duba tikitinka.

Muka yi Azahar a wani masallaci kusa da tasha, muka ci biriyani da naman akuya, muka kora da ruwan rake da aka matse da citta da lemun tsami. Wannan ruwan raken har yanzu ina tuna shi. Wajen biyu da rabi muka ratsa lambun Forodhani a bakin ruwa, wurin da kowa ya ce kada mu kuskura mu rasa. Wayam. Sai kyanwoyi da wasu mutum biyu suna jera tebura. Ashe sai rana ta faɗi ake kunna fitilu a fara gasa kifi da sauran kayan teku, gari duka ya fito. Lokacin da Zanzibar take buɗe baki, mu tuni mun bar tsibirin.

Dawowar ita ce labarin Kawu. Daga wajen Afrilu zuwa Satumba iskar kudu ce take kaɗawa a wannan gaɓar, Kusi suke ce mata, jirgin da ya nufi Darussalam kuwa kudu yake yi, gaba da gaba da ita, ga shi ruwan yamma ya fi na safe tashi. Tun da na ga ma'aikata suna bi layi-layi suna raba leda kafin a tashi na san akwai magana. Minti 20 da fita jirgin ya fara ɗagawa yana faɗowa, ruwa yana dukan taga. Hira ta mutu. Yara suka fara kuka, manya suka duƙufa a kan ledojinsu. Biriyanin nan da na yaba bai kai Darussalam ba. Kawu ya damƙe carbi da hannu ɗaya, gwiwata da ɗayan, yana cewa, "In Allah ya fisshe mu, kai da Hajiyar taka za ku ji daga gare ni."

A nan ma sai in yaba wa ma'aikatan. Ba su nuna ƙyama ba, suna kwashe leda suna kawo sabuwa, kuma wani ya taso mu daga gaba ya mayar da mu kujerun baya na ƙasa, inda jijjigar ta fi sauƙi. Da na san haka da can muka zauna tun farko, da kuma na sha maganin tashin zuciya kafin shiga, na ci abinci kaɗan. La'asar ta same mu a ruwa, ba wanda ya iya tsayuwa, sai da muka sauka muka yi ta a gurguje rana tana shirin faɗuwa.

Ga masu tambayata ko su je: ku je, jirgin ya cancanci kuɗinsa, kuma ya fi motocin hayarmu mutunta fasinja nesa ba kusa ba. Amma wuni ɗaya bai biya dala 114 ba. Da na rage kwana ɗaya daga na Darussalam muka kwana a tsohon gari, inshorar dai ita ce, tikitin shi ne, ƙarin kuɗin ɗaki kawai, da mun ga Forodhani da dare, mun je gonar kanumfari, mun dawo a jirgin safe lokacin da ruwa bai farka ba. In kuma dole wuni ɗaya ne, to jirgin farko, tikitin dawowa a aljihu, wuri biyu kawai a ranka, kada ka ce sai ka ga bakin rairayin arewacin tsibirin.

Hajiya ta shinshina kanumfarinta ta ce ya yi, amma ya yi kaɗan. Kawu ya ce mata in tana son ƙari zai koma, sai dai ta sama, tunda ya ji jirgin sama minti 20 kawai yake yi.